Kular Ruwa da Kular Fanka a Bikin Rabi

Ba zan taɓa mantawa da bikin Rabi a Gwaram ba, ko da ina so in manta, domin dangi ba za su bari ba. Duk inda aka haɗu, suna ne ko biki ko gaisuwar Sallah, sai wani ya tayar da zancen. Har ta kai waɗanda ba su je wurin ba ma suna gyara wa mai ba da labarin. Shi ya sa na ga gara in bayar da shi da bakina, in samu in faɗi uzurina, duk da ni kaina na san uzurin bai taka kara ya karya ba.

Sana'ata ɗaukar bidiyon biki ce a Birnin Kudu. Kwamfuta na karanta a kwaleji, na ɗan taɓa koyarwa, sannan na lura akwai wuraren da mai kyamara namiji ba ya shiga: kamu, sa lalle, wunin mata, ɗakin amarya. Na sayi kyamara na shiga. Mata suka sake da ni, kowa na rawarta ba mai jan mayafi. Ɗaukar ba ita ce wahala ba. Wahalar tana wurin haɗawa, a yanke, a jera, a gyara haske, a sa sunan ango da amarya yana juyi a cikin furanni (ni furannin nan ba sa burge ni, amma in babu su sai a ce ba ki iya aiki ba). Duk wannan a kwamfuta ake yi, kuma a cikin akwatin kwamfutar akwai wani kati mai tsawon tafin hannu biyu, shi ke ɗaukar nauyin duk abin da ya shafi hoto. Katin girafik muke ce masa. In yana aiki zafi yake ɗauka ba na wasa ba, don haka daga kamfani ake haɗo shi da 'yan fankokinsa.

Sai kuma Habu. Habu ɗan kawuna ne, wato taubashina, kuma tun muna yara ba mu taɓa yarda da juna a kan komai ba. In na ce tuwon dawa ya fi, zai ce na masara. Allah da ikonsa sai ya zama sana'armu ɗaya, shi yana da shago a Gwaram inda yake haɗa bidiyo da buga katin gayyata. Katinmu na girafik ma iri ɗaya ne, rana ɗaya muka sayo su a Kano, na hannu. Ba ya kiran sunana, Injiniya yake ce mini, kuma yadda yake jan kalmar kowa ya san ba girmamawa ba ce.

A bazarar shekarar bikin fankokin katina suka fara ƙara kamar injin markaɗe. Ina tsakiyar aiki sai kwamfutar ta kashe kanta don zafi. Na kira Habu in yi masa ƙorafi, sai na tarar nasa ya riga nawa mutuwa, yana ta ɓoyewa don kada in yi masa dariya. Maganin abin sananne ne: a cire fankokin da katin ya zo da su, a sayo wata na'urar sanyaya da wasu daban ke ƙerawa, a ɗaura masa. Ita wannan na'urar kula ake ce mata. (Ranar da na gaya wa Hajiya Kaka, kakarmu ni da Habu, cewa zan sayi kula, sai ta sa mini albarka, ta ce in zaɓi babba mai cin tuwon mutum goma, tunda bikin Rabi ya matso. Na yi bayani har na gaji, ita dai ta riga ta sa rai da kular abinci.)

Kular iri biyu ce muka samu. Ta farko curin ƙarfe ne mai haƙarƙari jere, da bututun jan ƙarfe a ciki, da fanka uku a kansa. Ta biyu ta ruwa ce: wani ɗan famfo yana zama a kan katin, robobi biyu su kai ruwa can gefe inda fanka ke hura shi ya huce, ya dawo ya sake kwaso zafi. Habu ya ɗauki mai fanka uku, ya ce ba ya haɗa ruwa da lantarki a shagonsa. Ni kuwa na yi kwanaki ina kallon bidiyon masu gwada irin waɗannan kayan, har na fara jin kamar ni na ƙirƙiro su, na ɗauki ta ruwa. Ta fi tsada, ta fi wuyar ɗaurawa, kuma ta fi kyan gani, in dai gaskiya za a faɗa wannan na ƙarshen shi ya fi jan hankalina.

Da kaina na ɗaura ta, wata Asabar da hantsi. Na shimfiɗa farin zani a tebur, na kwance sukurorin ɗaya bayan ɗaya na jera su a murfin kwano, na goge tsohon man da ya bushe a kan katin, na ɗiga sabo, na zaunar da famfon, na ɗaure. Aiki ne da ko yau na tuna sai in yaba wa kaina. Ina gamawa aka yi sallama, baƙi daga unguwarmu. Na tura akwatin ƙarƙashin tebur, na zura hannu ta baya na laluba na jona wayoyin, na kunna. Sikirin, wato fuskar kwamfutar, ya kawo tas. Na buɗe 'yar manhajar da ke nuna zafin katin, sai na ga lambar da ban taɓa gani ba tunda na saye shi, arba'in da 'yan kai, a tsakiyar bazara. A da in ya ɗauki aiki har casa'in yake dosa. Na buɗe wani bidiyo na fara aiki, lambar ko motsi. Ɗakin kuma tsit, ba ƙara.

Kafin in gaisa da baƙin nan sai da na ɗauki hoton lambar na tura zauren danginmu na waya, na rubuta a ƙasa cewa wannan saƙo ne zuwa ga mutanen Gwaram.

Daga nan aka buɗe wuta. Habu ya turo tasa lambar, saba'in da wani abu, ya ce wannan shi ne daidai ga katin da ke aiki a garinmu, tawa kuwa ko dai na ɗauki hoton da asuba ko na sa akwatin a cikin firji. Na ce hassada ce. Ya ce ruwan zai zubo wata rana in zo ina kuka. Na ce fankokinsa sun isa su sheƙe gero. Dangi suka rabu biyu, waɗanda ko kunna kwamfuta ba su iya ba suna ta ba da fatawa. Wata gwaggonmu ta turo murya tana roƙon a daina, wayarta ta cika.

A cikin makonnin nan na lura da wani abu, amma na kawar da kai. Aikin da a da nake sa wa kwamfutar in shiga kicin, kafin in sauke tukunya ta gama, yanzu sai in yi girki, mu ci, in wanke kwanuka, tana nan tana ja. Maigidana, Abban Nana, malamin asibiti ne, ba ruwansa da kwamfuta, amma shi ma sai da ya tambaya ko lafiya. Daidai lokacin na canza kyamara zuwa wadda ta fi fitar da hoto, don haka na ɗora mata laifin, na yi masa dogon bayani a kan nauyin hoto. Ya ce to, Allah ya taimaka. Mutum ne mai son zaman lafiya.

Rabi ƙanwar Habu ce, autar kawuna. Da bikinta ya zo aka raba aikin yadda ya kamata, ni in ɗauki ɓangaren mata, Habu ya ɗauki ɗaurin aure da walimar maza. Rigimar ita ce wa zai haɗa. Wanda ya haɗa shi ke sa sunansa a ƙarshen bidiyon, kuma bidiyon biki irin wannan gida-gida yake zagawa, daga Gwaram har ƙauyukan dangin ango. Na ce kwamfutata ta fi, ga shaida kowa ya gani. Habu ya ce shaidar hoto ba shaida ba ce. Hajiya Kaka, da jikokinta ke karanta mata duk abin da ake rubutawa a zauren, ta ce ta gaji. Ta yanke hukunci a kawo injinan nan biyu gabanta, a sa musu aiki ɗaya, ido ya gani, wanda nasa ya fi shi zai haɗa bidiyon.

Da ina da wayo da na ce a yi gwajin a shagon Habu, mu biyu da ita. Ni ce na ce a yi a tsakar gida.

Muka taso daga Birnin Kudu da akwatin a kan cinyata, na rungume shi kamar jinjiri, duk ramin da Abban Nana ya shiga sai na harare shi. A gida na cire sikirin da akwatin tare, waya a jone, na naɗe su a bargo ɗaya, don ba na son ɓata lokacin jone-jone a gaban jama'a. Washegarin ɗaurin aure aka sa gwajin, bayan azahar, kafin a kai amarya. Habu ya jawo wuta daga batiran solarsa, aka jera tebur biyu a rumfar Hajiya Kaka, ta zauna a kujerarta tsakiya kamar alƙali.

Gidan a cike yake. Ga danginmu, ga maƙwabta, ga kuma dangin ango da suka zo ɗaukar amarya daga Farin Dutse, suna zaune a tabarmi ana ba su waina da zoɓo. Shugabarsu Hajiya Ladi ce, gwaggon ango, doguwar mace mai tabarau, wadda in ta yi magana sauran ke yin shiru. Tun da safe aka raɗa mini cewa tana da 'yan mata biyu da za a aurar bayan kaka, kuma ta tambayi wace ce mai kyamarar nan. Don haka ba Habu kaɗai nake son kayarwa ba, har da neman kasuwa. Amarya kuwa tana ɗakin Hajiya Kaka, ƙofa a buɗe, a lulluɓe, tun safe take kuka ƙawayenta na lallashi.

Na sha ɗaurin ɗankwali na musamman. Na miƙe na yi jawabi. (Babu wanda ya nemi jawabi.) Na ce a cikin kowane akwati akwai kati iri ɗaya, bambancin kawai yadda ake sanyaya shi, na Habu da iska, nawa da ruwa. Na dubi matan nan na tambaye su, in zafin bazara ya ishe ki, fifita ce ta fi ko ki shiga ki watsa ruwa? Suka amsa baki ɗaya cewa wanka. Na ce to shi ke nan, ilimin ke nan gaba ɗaya. Hajiya Ladi ta gyaɗa kai. Habu yana tsaye ya harɗe hannu, ya ce in Injiniya ta gama wa'azi a fara.

Muka sa wa kowace kwamfuta guntun bidiyo ɗaya, na kamun Rabi, da furanninsa da komai, muka danna a tare. A kowane sikirin akwai wani koren layi da ke cika a hankali, in ya kai ƙarshe aiki ya ƙare, a gefe kuma ga lambar zafi.

Fankokin Habu suka tashi da ƙugi. Lambarsa ta fara hawa, hamsin, sittin, ta je saba'in da wani abu ta tsaya. Tawa tana nan a arba'in ɗinta, ko gezau. Na karanta lambobin da ƙarfi don na nesa su ji. Ban tsaya nan ba, na ce kowa ta taso ta sa hannu ta ji da kanta. Mata suka yi layi. A bayan akwatin Habu iska ce mai zafi ke fitowa kamar bakin murhu, duk wadda ta sa hannu sai ta janye. A nawa kuwa iskar sanyi ƙalau. Wata tsohuwa daga Farin Dutse ta ce wannan ai ko nono aka ajiye a ciki ba zai yi tsami ba. Wata ƙanwar babata ta rangaɗa guɗa. Ni kuma, uwar 'ya'ya, mai takardar kwaleji, na ɗaga hannu na taka rawa daga teburina har gaban Habu na dawo. Hajiya Kaka, da kowa ya san Habu ne ɗan gaban goshinta, ta ɓata rai tana cewa a bi shi a hankali.

Ina cikin karɓar barka kwamfutar Habu ta yi 'yar ƙara, fankokinta suka lafa. Koren layinsa ya cika. Ya danna, sai ga kamun Rabi yana tafiya a sikirin, suna na juyi cikin furanni. Na waiwaya na dubi nawa layin. Ko kwata bai kai ba.

Hajiya Kaka ba ta san lamba ba, amma ta san wanda ya gama da wanda bai gama ba. Ta tambaya me ya sa na Habu ya fito nawa bai fito ba. Na ce nawa yana tace hoton ne sosai. Habu ya ce umarni ɗaya muka ba su, a gaban kowa. Na ce ai gasar ta sanyi ce, ba ta gudu ba. Ya ce ya yarda, amma kati iri ɗaya ne, kuma wanda ya fi sanyi shi ya kamata ya fi sauri, ko ba haka Injiniya ta koya mana a zaure ba? Haka na koya musu. Har sau uku na rubuta.

Girkin da nake gamawa kwamfuta ba ta gama ba ya faɗo mini a rai. Don in janye hankalin mutane daga koren layin nan, sai na ce Hajiya Ladi ta zagayo ta baya in nuna mata inda robobin ruwan suka bi. Ta ce ƙafarta na ciwo, daga nan ma tana gani. Na zagaya ni kaɗai na durƙusa. Tun ranar da na ɗaura kular, wannan ne karo na farko da na kalli bayan akwatin nan da idona a cikin haske.

Bari in yi wa wanda bai sani ba bayani. A bayan akwatin akwai wuri biyu da wayar sikirin ke iya shiga, kuma bakinsu iri ɗaya ne. Na ƙasa shi ne na katin girafik. Na sama na ita kwamfutar ce, wadda ke da wani ɗan ƙaramin ƙarfin nuna hoto nata na kanta, wanda ya isa a buga wasiƙa ko a kalli fim, amma ba na haɗa bidiyo ba. Manhajar da nake aiki da ita kuwa, duk inda sikirin yake jone nan take kai aiki. Wayata tana ramin sama. Ramin katin yana ƙasa, wayam.

Ma'ana, tun ranar Asabar ɗin nan katina bai yi aikin komai ba. Yana kwance, famfo na zagaya masa da ruwa, fanka na hura masa iska, ni kuma ina ɗaukar hoton sanyinsa ina tura wa dangi.

Mai hankali a nan zai miƙe ya ce jama'a an samu kuskure. Ni sai na yi tunanin in zare wayar a hankali in mayar ƙasa, wataƙila ba wanda zai lura. Na ce ɗan kunnena ne ya faɗi, na ƙara sunkuyawa. Na kama wayar na zare. Sikirin ya yi baƙi ƙirin a gaban mata sun fi hamsin. Na ji an ce an ɗauke wuta, wata ta ce ina, ga na Habu yana yi. Na kasa saita bakin wayar, ɗankwalin da na ɓata lokaci ina ɗaurawa ya maƙale a gefen tebur ya zame. Ina ɗagowa sai ga ƙafafun Habu a gabana.

Ya dubi wayar a hannuna. Ya dubi ramin sama, ya dubi na ƙasa. Ya durƙusa kusa da ni, ya yi ƙasa da murya kamar mai gaisuwar mara lafiya.

"Injiniya, tun yaushe wayar nan take a sama?"

Na ce, "Tun ranar da na ɗaura."

"Har hoton da kika turo mana?"

"Har shi."

Ya yi ƙoƙari, wannan zan ba shi. Ya cije leɓe, ya kalli sama, ya ce innalillahi. Sannan abin ya fi ƙarfinsa. Ya zauna daɓas a ƙasa da farar shaddarsa ta biki, ya riƙe ciki, dariyar ma ta ƙi fita sai hawaye. Hajiya Kaka ta buga sandarta ta ce ba a yi mata dariya a rumfa ba a gaya mata dalili ba.

Da ya samu numfashi ya miƙe ya yi bayani, kuma abin haushin shi ne bayaninsa ya fi nawa jawabin fita. Ya ce, "Kaka, kamar ki ɗauko ƙato ne ya yi miki noma. Ki kai shi gindin bishiya ki shimfiɗa masa tabarma, ki kawo masa ruwan randa, ki sa a yi masa fifita. Ke ki ɗauki fartanya ki shiga rana. Sannan ki tara mutane ki ce su zo su ga ma'aikacinki, ko gumi ba ya yi."

Hajiya Kaka ta juya maganar a ranta. Sai ta ce, "To ai ni ma da nake zaune ban yi gumi ba."

Ban san yadda zan kwatanta abin da ya biyo baya ba. Ƙanwar babata mai guɗa ta kwanta a kafaɗar ta kusa da ita. Tsohuwar da ta yi zancen nono ta ce a sake maimaita mata, aka maimaita, ta sake fashewa. Hajiya Ladi ta cire tabarau tana goge ido da bakin mayafi. Maza daga zaure suka aiko a tambaya ko lafiya, aka ba ɗan aiken labari, can sai muka ji su ma sun ɗauka, kuma a cikin muryoyin na tsinkayi ta Abban Nana, mai son zaman lafiya. Ni ina durƙushe a bayan tebur, waya a hannu ɗaya, ɗankwali a ɗayan, ina lissafin ko in na rarrafa ta bayan rumbu zan iya kaiwa mota ba a gan ni ba.

Abin da ya fito da ni shi ne amarya. Daga cikin ɗaki aka ji wata irin shessheƙa, ƙawayenta suka zaci kukan ne ya dawo. Aka ɗaga lulluɓin sai ga Rabi tana dariya har kwalli ya zubo mata a kumatu. Yarinyar da tun safe aka rasa mai sa ta ta ci ko loma ɗaya. Ta ce a kira mata Yaya. Na shiga ina jan ƙafa, ta rungume ni tana cewa Allah ya saka, ita dai yau ta samu abin da za ta riƙa tunawa in kewar gida ta kama ta. A nan ni ma dariyar ta kama ni, muka yi ta yi har mai kwalliya ta kore ni don in bar ta ta gyara fuskar.

Da na fito Hajiya Ladi ta ce ita fa ba ta ga gwaji ba tukuna, ɗaya ya yi aiki ɗaya ya yi barci, a tashe shi a sake. Habu da kansa ya jona wayar a ramin ƙasa, da wani irin ladabi da ya fi zagi ciwo. Muka kashe muka kunna, muka danna a tare. A karon farko na ji famfon kulata ya ɗauki aiki na gaske, iskar da ke fita ta yi ɗumi, lambar ta hau ta wuce sittin ta tsaya. Layukan nan biyu suka tafi kafaɗa da kafaɗa suka cika kusan lokaci guda. Tawa ta fi tasa sanyi da kaɗan, kuma ba ta da ƙugi. Na buɗe baki in nuna wa jama'a wannan, na ga babu mai sauraro, kowa na ba na kusa da shi labarin ƙaton gindin bishiya. Na rufe bakina.

Hajiya Kaka ta yanke hukunci cewa tunda injinan sun zo daidai, masu su ne suka bambanta, a haɗa bidiyon tare, a sa sunan Habu a sama. Ban ɗaukaka ƙara ba. Washegari muka zauna a shagonsa muka yi aikin, kuma da yake ba kowa a wurin, Habu ya yarda cewa kular ruwa ta fi sanyi da shiru, ni ma na yarda tasa ta fi sauƙin ɗaurawa da araha, kuma ba a kwana da fargabar yoyo. Na ce ya faɗi haka a zauren dangi. Ya ce bai tuna ya faɗi komai ba.

Aikin Farin Dutse kuwa na samu. Kafin su tafi da amarya Hajiya Ladi ta kira ni gefe ta ce ta ga hoton kamun, hannuna yana da kyau, kuma ta daɗe ba ta yi dariya irin ta yau ba. Ta ce in zo bayan kaka. Har na fara godiya sai ta ƙara da cewa, in zan taho in tabbatar na tashi ma'aikacin nawa tun a gida. Da na je bikin, tun daga bakin ƙofa mata ke tambayata ya mai barci.

Kular tana nan tana aiki har yau, ba ta taɓa yoyo ba, kuma in aka tambaye ni wacce za a saya ina faɗin abin da na sani a kan kowacce, a zaune, ba jawabi. Abin da na ƙaru da shi dai shi ne, in na ga abu ya yi sanyi ya yi shiru fiye da yadda aka saba, ba na gayyatar kowa sai na zagaya ta baya na duba. Ko yarana na ji sun yi tsit a ɗaki, na daina yaba tarbiyyata daga kicin. Tashi nake yi in leƙa.